Kakanmu ya dawo daga yaƙin Bama ya tarar an raba gadonsa: ta yaya za mu rubuta tarihinsa?

Jikan_Kofur:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Zuri'armu ta yanke shawarar rubuta tarihin kakanmu na wajen uba domin a raba wa jikoki a taron dangi da muke yi bayan babbar salla, kuma ni aka ɗora wa aikin. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Daura, can wajen Zango, kuma Kofur kowa yake kiransa har sunansa na yanka ya kusa ɓacewa. Ya yi yaƙin Bama, wato wanda aka yi a ƙasar Burma (Myanmar ta yanzu) lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a zamanin Turawa, ya dawo da ransa, ya rayu har bayan da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Abin da ya bari yana cikin wani akwatin ƙarfe: lambobi uku, ɗaya daga ciki tauraro ne mai tsini shida, da wani ɗan littafi da gara ta ci gefensa, da bel mai kan tagulla.

Abubuwa biyu ne suka tsayar da ni. Na farko, dattawanmu sun rabu a kan yadda ya shiga soja. Baffana yana cewa da kansa ya tafi saboda haraji ya fi ƙarfin gidan, gwaggona kuma tana rantsuwa cewa dagaci ne ya miƙa shi saboda wata rigimar iyakar gona da ke tsakaninsa da mahaifin Kofur. Na biyu ya fi nauyi. Da ya dawo, ya tarar an daɗe da yi masa sadakar arba'in, an raba gonarsa, kuma matarsa ta fari tana ɗakin ƙanensa da goyo a bayanta. Jikokin wannan ƙane suna cikin waɗanda za a raba wa littafin. Shin in rubuta wannan, ko in tsallake? Kuma akwai hanyar da zan bi in gane wanne ne gaskiya tsakanin maganar baffa da ta gwaggo?

Bamashe_77:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka fara tabbatar da cewa ba yaƙin basasa ake nufi ba, domin a ƙauyukanmu tsofaffi sukan haɗa Bama da Biyafara su mayar da su yaƙi ɗaya. A garinmu akwai wanda muka taso muna jin ana cewa ya je Bama, sai daga baya ta bayyana iyakarsa Anacha.

Malamin_Tarihi_KT:
Malam Bamashe, gargaɗinka yana kan hanya, amma a nan tauraron da ya ambata zai raba gardama. Jikan Kofur, ka duba ƙyallen da aka rataye tauraron da shi. Idan tsakiyarsa ja ne mai faɗi, gefe da gefe kuma shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo, to lambar Bama ce, wadda Ingila ta ba waɗanda suka yi yaƙi da Japan a can. Idan kuwa ƙyallen launin yashi ne da jan ratsi a tsakiya, to lambar Afirka ce, wato yana cikin waɗanda suka yaƙi Italiya a Somaliya da Habasha, suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941. Kada ka sha wahalar neman sunansa a bayan lambar, domin yawancin waɗannan taurari ba a buga musu suna ba. Ɗan littafin nan da gara ta taɓa shi ne dukiyar, saboda a cikinsa za ka ga lambarsa ta soja, wadda ga 'yan Nijeriya takan fara da NA, da ranar da aka ɗauke shi, da ranar sallama, wani lokaci har da bataliyarsa.

Bataliyar tana da muhimmanci ƙwarai, domin ita ce za ta gaya maka inda ƙafarsa ta taka. Runduna biyu aka kai daga Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, kuma an haɗa su ne da sojojin Nijeriya da Gana, wadda a lokacin ake kira Gold Coast, da Saliyo da Gambiya. Ta 81 ita ta fara isa Indiya a 1943, ta shiga kwarin kogin Kaladan a yankin Arakan na ƙasar Bama. Daga cikinta aka cire birged guda ta 'yan Nijeriya zalla, mai bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12, aka ba Janar Wingate, suka shiga cikin dakarun da ake kira Chindit waɗanda aka sauke a bayan layin Japanawa a 1944. Ta 82 kuwa ta biyo baya a 1944, kuma da ita aka ci garin Myohaung a Janairun 1945. Duk wanda ya san barikin Chindit a Zariya, ko Dalet da Kalapanzin a Kaduna, ko Myohaung a Legas, to sunayen wannan yaƙi yake furtawa ko bai sani ba.

Jikan_Kofur:
Malam, Allah ya saka da alheri. Na buɗe akwatin yanzu, ƙyallen ya koɗe amma jan tsakiyar da ruwan lemon suna nan. A littafin ina iya karanta 1942 a shafin farko da 1946 a wajen sallama. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne an rubuta sunansa na yanka sannan aka bi shi da Daura, babu sunan mahaifinsa ko kaɗan.

Malamin_Tarihi_KT:
Haka aka saba yi. Akawun da ke ɗaukar kurata yakan rubuta sunan mutum da garin da ya faɗa, kuma ɗan ƙauye yakan ambaci babban garin da Bature zai gane. Shi ya sa rajistar take cike da masu suna iri ɗaya, kuma lambar ce kaɗai ke bambanta su. Ga ku mutanen bakin iyaka ma akwai ƙari, domin samari daga ƙasar Damagaram da ke hannun Faransa sun riƙa tsallakowa suna shiga sojan Ingilishi da sunan Daura ko Katsina.

A kan saɓanin baffa da gwaggo, ina ganin ba dole ba ne ɗayansu ya zama maƙaryaci. A takarda, sojan sa-kai ake ɗauka. A aikace kuwa, Razdan yakan nemi mutane daga wajen Sarki, Sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci kuma dole ya cika adadin da aka yanka masa. To wa zai miƙa? Ba ɗansa ba, ba ɗan mai kuɗin gari ba. Yakan duba gidan da ake bi bashin haraji, ko gidan da ba ya ɗasawa da shi. A waɗannan shekaru dai, daga 1942 zuwa 1944, aka yi ɗiban gwamna, inda aka riƙa kwasar mutane daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza a Jos bisa tilas, kuma sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa. Saurayin da aka ce ya zaɓa tsakanin ramin kuza da kakin soja, idan ya zaɓi kaki, ɗansa zai ce da kansa ya tafi, 'yarsa kuma za ta ce tura shi aka yi, kuma kowannensu yana da hujja.

Hajiya_Rafindadi:
Ni maganar matar ce ta tsaya mini a rai, kuma na lura har yanzu ba wanda ya taɓo ta. Ɗana Jikan Kofur, ka ce ya tarar da ita a ɗakin ƙanensa, kamar ita ce ta ɗauki ƙafa ta kai kanta. Yarinyar ƙauye a wancan zamani, wadda wataƙila ba ta cika shekara ashirin ba, da ɗa a hannu, miji ya tafi shekara huɗu babu wasiƙa babu saƙo, kana tsammanin an tambaye ta ra'ayinta? Surukai ne suka zauna suka ce kada maraya ya fita daga gidan, kada gona ta tafi hannun bare, sai ƙanen ya rufa mata asiri. Kakata ta wajen uwa ta ga irin wannan a unguwarsu a nan cikin birni, ta ce matar da abin ya faɗa wa har ta mutu ba ta ƙara haɗa ido da mijin farko ba, idan ta hango shi a hanyar rijiya sai ta sake hanya, alhali ba ta yi wa kowa laifi ba. Idan za ka rubuta, ka rubuta ta da sunanta da asalinta da 'ya'yan da ta haifa a ɗakunan biyu. Kada ta zama layi ɗaya a cikin labarin jarumtakar namiji.

Abu_Sandamu:
Hajiya ta yi gaskiya, amma ni shawarata a bar wannan babi gaba ɗaya. Abin da ya wuce shekara tamanin, waɗanda abin ya shafa duk suna kabari, mene ne amfanin tono shi a gaban yara? Taron dangi don zumunci ake yi. Ka rubuta cewa ya yi yaƙi, ya dawo, ya yi noma, ya haifi wane da wance, ka sa hotonsa, shi ke nan.

Almajirin_Gobarau:
Kafin a yanke hukuncin ɓoyewa ko bayyanawa, yana da kyau a san matsayin abin a shari'a, domin sau da yawa abin da dangi ke jin kunyarsa ba abin kunya ba ne. A mazhabar Malikiyya, matar wanda ya ɓace takan kai ƙara wurin alƙali, a bincika, idan ba a sami labarinsa ba a yanka mata shekara huɗu daga ranar, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, ta yi aure idan ta so. Idan kuma bai bar mata abin ci ba, tana da damar neman a raba auren saboda rashin ciyarwa ba tare da ta jira wannan wa'adi ba. Akwai kuma wata fuskar, wato a zo mata da labarin mutuwarsa ta gaskata, ta yi takaba ta yi aure, daga baya ya bayyana da rai, kuma hukuncin wannan ya bambanta da na farko. Saboda haka tambayar da ya kamata ka yi wa dattawanku ita ce, an je gaban alƙali, ko kuwa wani ne ya kawo labarin rasuwarsa?

Batun gonar ya fi sauƙi. Dukiyar wanda ya ɓace ba a raba ta sai an kai shekarun da ake ganin irinsa ba ya wuce su a raye, kuma idan ya dawo, abinsa nasa ne. Shin an mayar masa da gonar?

Jikan_Kofur:
Allah ya gafarta Malam, abin da na ji shi ne wani ɗan garin maƙwabta da aka sallamo da wuri saboda rauni ya zo ya ce ya ga Kofur kwance cikin waɗanda aka harba a bakin wani kogi. A kan maganarsa aka yi zaman makoki. Gaskiya ne an harbe shi, domin ina yaro na sha ganin tabon a cinyarsa ta hagu, rami ne da babban yatsa ke iya shiga, kuma idan hunturu ya yi ƙafar takan riƙe har sai an gasa masa da tsumma mai zafi. Gona kuwa an ce limamin gari da mai unguwa sun zauna za a mayar masa, sai ya ce a bar wa ƙanensa rabi tunda shi ya ciyar da ɗansa. Matar ma an ce shi ya ce ta zauna inda take. Daga nan ya fita daga gidan gandu ya kafa nasa a bayan gari, inda zuri'armu take har yau, kuma bayan shekara biyu ya auri kakata.

Hajiya_Rafindadi:
To, Malam Abu, ka ji abin da kake cewa a binne. Mutum ya dawo da harsashi a cinya, ya bar wa ƙanensa mata da rabin gona ba tare da an je kotu ba, wannan ai ya fi duk lambobin da ke cikin akwatin. Sai dai ina so a lura da cewa ya tashi daga gidan. Wanda ya yafe har zuci ba lallai ne ya iya kwana yana jin muryarta ta bayan danga ba.

Tsohon_Samanja:
Ɗana ne yake rubuta mini wannan, ni ina faɗa. Ni ban je Bama ba, yaƙin basasa na yi. Na shiga a 1968 ina saurayi daga ƙasar Kankiya, aka ba mu horo na gaggawa a Zariya, aka tura mu runduna ta ɗaya da ke ƙarƙashin Kanar Muhammadu Shuwa, kuma ina cikin sojan da suka nufi Umuahia, wadda ta faɗi a Afrilun 1969. Na shigo maganar ne saboda waɗanda suka koya mana riƙon bindiga, da yawansu tsofaffin Bama ne da aka sake kira da yaƙi ya ɓarke a Yulin 1967, domin soja sun yi kaɗan. Sajan ɗinmu yana cikinsu. Ba ya ba da labarin harbi. Abin da yake faɗa shi ne ruwan sama da ke yin kwana da kwanaki bai tsaya ba, da matsattsaku da ke shiga cikin takalmi sai an sa musu wutar taba, da dajin gora da sai da adda ake buɗe hanya, da abinci da jirgi ke jefowa da lema, wani lokaci iska ta kai wa Japanawa. Yakan ce waɗanda ya fi tausayi su ne 'yan dako, sojoji ne su ma da lambarsu, amma kaya suke ɗauka a ka, harsashi da shinkafa da sassan igwa, suna hawa dutse, yawancinsu ba bindiga a hannu.

Jikan Kofur, jikana, zan gaya maka abu ɗaya. Kada ka yi mamaki idan ka tambayi dattawa abin da ya gani a can suka ce bai taɓa faɗa ba. Ni ma matata ta rasu ba ta ji rabin abin da na gani ba. Ba rowa ba ce. Idan ka fara faɗa, wanda bai je ba sai ya tambaye ka mutum nawa ka kashe, kai kuwa abin da ke ranka shi ne yaron da kuka ci tuwo tare da safe ka bar shi a gefen hanya da la'asar. Ka tambaye su yadda yake barci, da abin da ba ya ci, da ƙarar da ba ya so ya ji. A nan za ka same shi.

Jikan_Kofur:
Baba Samanja, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Maganarka ta tuna mini cewa bai taɓa zuwa kallon hawan salla a Daura ba saboda 'yan bindiga, kuma idan hadari ya haɗo da tsawa yakan shiga rumbu ya zauna. Mutanen gari suna cewa iskokin Bama ne suka biyo shi, har an taɓa kawo masu girka, ya kore su.

Dr_Funtuwa:
Abin da Baba Samanja da Jikan Kofur suka bayyana sananne ne a wurin likitocin ƙwaƙwalwa: firgita da ƙara, mugun mafarki, guje wa duk abin da ke tuna wa mutum abin da ya faru, da son kaɗaici. Yakan biyo bayan tashin hankali mai tsanani, kuma yakan ɗauki shekaru, wani har ƙarshen rai. A wancan lokaci sojan da aka sallama ba wanda ke duba wannan, ana ba shi kuɗinsa da takardarsa a sa shi a jirgin ƙasa. Na kawo wannan ne domin muna da sabbin masu irinsa a yanzu, sojojin da suka dawo daga Arewa maso Gabas da mutanen ƙauyukanmu da 'yan bindiga suka tasa, kuma har yau iska muke cewa. Idan ka sa wannan a littafin da bayani mai kyau, wataƙila wani jikan ya gane abin da ke damun wani nasa.

Ɗan_Kusugu:
Tunda an ambaci jirgin ƙasa, ina da tambaya ga Malamin Tarihi. Ta ina ma suka bi? Kakan abokina yana cewa sun yi wata guda a kan ruwa har ya manta kalar ƙasa. Kuma gaskiya ne Sarkin Katsina ya je har can ya gan su, ko labarin fada ne?

Malamin_Tarihi_KT:
Gaskiya ne. Sarki Muhammadu Dikko ya rasu a 1944, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi, kuma a farkon sarautarsa ya yi tafiya har Indiya da Bama ya ziyarci sojojin Nijeriya. Turawa sun san abin da suke yi, domin ɗan ƙauyen da aka ɗauko ta hannun hakimi, ganin Sarki a bakin daga ya fi masa jawabin kowane Janar. Ɗan Nagogo kuma, Hassan Usman Katsina, shi ne ya zama gwamnan soja na Jihar Arewa a 1966, sannan ya shugabanci hafsoshin sojan ƙasa a lokacin yaƙin da Baba Samanja ya yi. A Daura kuwa Sarki Abdurrahman ne a kan gado tun daga 1911 har 1966, saboda haka a zamaninsa Kofur ya tafi, a zamaninsa ya dawo.

Hanya kuwa, a lokacin dogo bai zo Katsina ko Daura ba. Mutumin Zango sai ya kai Kano kafin ya ga jirgi, mutumin kudancin Katsina kuma Funtuwa ce tasharsa. Daga nan sai Zariya ko Kaduna don horo, sai Legas, sai jirgin ruwa. Waɗanda suka tafi a 1943 sun zagaya ta Afirka ta Kudu kafin su isa Bombay, don haka maganar makonni a kan ruwa ba ƙari ba ne. Japan ta miƙa wuya a Agustan 1945, amma yawancin mutanenmu sai 1946 suka dawo saboda ƙarancin jiragen ruwa. Wannan jinkiri ma yana cikin abin da ya sa gidaje da yawa suka yanke ƙauna, domin an ji a Gaskiya Ta Fi Kwabo cewa yaƙi ya ƙare, aka yi damina aka yi kaka, ba a ga mutum ba.

Bamashe_77:
Ni abin da ke ba ni haushi a duk wannan labari shi ne sun je sun zubar da jini a yaƙin da ba nasu ba. Me ya haɗa manomin gero daga Zango da Japan? A 2019 an fito da takardu daga ma'ajiyar Ingila da suka nuna cewa kuɗin sallamar da aka ba baƙar fatar Afirka bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da aka ba farar fata mai muƙami ɗaya da shi ba. Ina ganin wannan ne ya kamata ya zama jigon littafin, ba rigimar ɗaki ba.

Tsohon_Samanja:
Yaro, maganarka akwai gaskiya, amma ka yi hattara da cewa yaƙin banza mutum ya yi, musamman a gaban jikokinsa. Soja ba ya zaɓar yaƙi. Mu ma da muka yi na ƙasarmu, na ga abokan aikina sun kwana a kan kwali a bakin ofishin fansho suna jiran a tantance su, wasu da sanda wasu da makanta, kuma ba Bature ne ya yi mana haka ba. Ran 15 ga Janairu a sa mana hula a kira mu 'yan mazan jiya, a saki tattabaru, kashegari kowa ya manta. Ka sa maganar kuɗin a littafin, amma kada ta cinye mutumin.

Jikar_Mai_Goyo:
Assalamu alaikum. Wani ne ya turo mini wannan tattaunawa, kuma daga bayanin Zango da rabin gona na gane gidanmu ake nufi. Yaya Jikan Kofur, ni jikar goyon nan ce da Kofur ya tarar a bayan matarsa ta fari, wato mahaifin babata ne. Na so a ce ka kira mu kafin ka kawo maganar nan zaure, amma tunda ba ka ambaci suna ba, ba komai. Kada ka ɗauka ba mu san labarin ba. Mun sani, kuma namu ya ɗan bambanta da naku. A wajenmu ana cewa kakanmu, wato ƙanen Kofur, bai so auren ba, mahaifinsu ne ya tilasta shi, kuma da yayansa ya dawo shi ne ya fara zuwa ya durƙusa ya ce zai sake ta, Kofur ya hana. Ana kuma cewa duk shekara idan an yi girbi yakan aika da dami goma na gero bayan gari, kuma a yunwar Muɗa gidan Kofur ne ya ciyar da gidaje biyun da kuɗin da ya samu a aikin gadi a Kano. Ita kuwa tsohuwar, babata ta yi wayo da ita, ta ce tana ajiye da wani ɗan madubi mai murfin ƙarfe da Kofur ya sayo mata daga Indiya, ya ba da a kai mata ta hannun uwarsa tunda ba zai iya miƙa mata da kansa ba. Madubin yana wurin wata innarmu a Mai'aduwa.

Ni ban yarda a tsallake ba, kuma ban yarda a rubuta da bakin ɗaki ɗaya ba.

Abu_Sandamu:
To, tunda masu abin sun yi magana, ni na ja bakina a kan wannan gidan. Amma har yanzu ina nan a kan cewa ba kowane dangi ne zai iya ɗaukar irin wannan ba. Akwai gidajen da rigimar gonar ba ta mutu ba, rubutu ɗaya zai mayar da su gaban alƙali.

Jikan_Kofur:
Ƙanwata, ki yi haƙuri, zan kira babarki yau da daddare in sha Allah. Labarin dami goma da na madubi ban taɓa jin su ba, kuma baffana bai taɓa ambata cewa ƙanen ya nemi ya sake ta ba. Yanzu tambayata ta koma wata: idan riwayoyin suka saɓa, in jera su duka kowace da wanda ya faɗe ta, ko in zaɓi wadda ta fi ƙarfi?

Malamin_Tarihi_KT:
Ka jera su, kowace da sunan wanda ya ba ka da shekarunsa da dangantakarsa da Kofur, kuma ka bambanta wanda ya gani da ido da wanda aka gaya wa. Ka fara da mafi tsufa, musamman mata, ka ɗauki muryarsu a waya, kada ka haɗa biyu a zama ɗaya domin ƙarami zai yi shiru ya bar wa babba. Littafin sallamar kuma ka ɗauki hoton kowane shafi kafin ka ƙara taɓa shi, kada ka manna masa salatif. Don batun yadda aka ɗebi mutane a ƙasarku, rahotannin shekara na Lardin Katsina suna Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, kuma Gidan Arewa ma yana da abin dubawa. Sai dai kada ka sa rai za ka ga inda dagaci ya rubuta cewa ya miƙa wane saboda gona.

Almajirin_Gobarau:
Ina da ja a kan jera komai. Maganar gwaggo tuhuma ce a kan dagacin da ya rasu, wanda zuri'arsa ke nan a garin, kuma babu shaida sai ji. Ana iya rubuta yadda ake ɗiban mutane a zamanin kamar yadda Malam ya bayyana, a ce wasu a gidan suna ganin ba da son ransa ya tafi ba, ba tare da an ɗora wa mamaci laifin da ba zai iya kare kansa ba.

Hajiya_Rafindadi:
Allah ya gafarta Malam, idan aka cire maganar gwaggo aka bar ta baffa, ai an zaɓa ke nan, kuma ta mace aka cire. Ita ce ta yi jinyarsa a ƙarshen rayuwarsa ko ba ita ba? Jikan Kofur, ka tambaye ta daga bakin wa ta ji.

Ɗan_Kusugu:
Wani abu kuma da za a iya dubawa shi ne mutumin da ya kawo labarin mutuwar. Idan garin maƙwabta ne kamar yadda aka ce, zuri'arsa na nan, kuma mai yiwuwa su ma suna da akwatinsu da littafin sallama. Idan bataliyarsu ɗaya ce da ta Kofur, za a iya gane kogin da aka harbe shi. Jikan Kofur, shafin da aka rubuta bataliya yana cikin wanda gara ta ci, ko ana iya karantawa?